Ƙibar Baba

Abu uku ne suka shiga jikin mahaifina, kuma zan faɗe su bi da bi, yadda suka shiga.

Na farko maganin auduga. Kafin mu dawo Khartum a Jazira muke, a kambo, wato unguwar bukkokin leburori da ke bayan gonaki. Aikin Baba a lokacin feshi riƙe tuta ne. Jirgin sama ke fesa wa auduga maganin ƙwari, matuƙin kuwa ba ya gane inda layi ya tsaya sai ya hangi mutum da farar tuta a bakin gona. Baba ne mutumin. Jirgi ya taho ƙasa-ƙasa, ya saki farin hayaƙinsa, ya wuce ta kansa. Shi kuma ya matsa gaba ya sake ɗaga tuta. Da yamma yakan dawo riga jiƙe sharkaf, idanu jawur, yana warin kananzir da tafarnuwa. Inna ta wanke rigar a kwanon da take yi mana wanka.

Na biyu ruwan barmil, wato ganga. Idan magani ya ƙare, gangunan ƙarfen da ya zo a ciki sai a raba wa waɗanda shugaban leburori ya ga dama. Baba ya samu ɗaya, shuɗiya, da hoton ƙoƙon kan mutum a jikinta. Aka ɗauraye ta da toka da ruwan zafi, ta zama randarmu. Ranar da muka tashi daga Jazira ita aka fara ɗorawa a mota, kafin gado. A Mayo ma, unguwar da muka sauka a Khartum, inda ruwa sai an saya daga masu jakuna, ita ce abin tinƙahon gidanmu.

Na uku sukari. Bayan jirgi ya tafi, akan dafa wa masu tuta shayi mai kauri, a zuba sukari har ya kwanta a gindin kofi, a ce su sha ya kashe dafin. Ban san wanda ya fara faɗin haka ba, amma Baba ya riƙe maganar kamar aya. Jiri ya ɗebe shi, ya sha shayi, ya ji ya wartsake. Me kuma za ka gaya masa? Ya bar tuta, ya koma dakon buhu a kasuwa, daga baya ya zama mai gadi, amma wannan bai bar ta ba. Shayi ne karin kumallonsa, sau da yawa shi ne abincin ranarsa. Abokan tutarsa da suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, hannu na karkarwa, cewa yake rowa ce ta kashe su, ba su zuba isasshe ba.

Ya tsufa tun lokacinsa bai yi ba. Gwaggo yayarsa ce, ita ta goya shi, kuma tun ƙuruciyarta take zaune a Omdurman. Amma in suka jera a wurin suna ko jana'iza, shi ake fara gaisarwa a matsayin babba. Haƙora sun zube, gani ya dushe, fatar hannunsa ta koma kamar tsohuwar salka.

Mu biyu ya haifa. Yayana namiji, wanda nake kira Yaya, ya yi zama a Saudiyya, ya dawo ya buɗe shagon kayan masarufi, ya gina gidan jan bulo a unguwar Alsawra, a Omdurman. Ni kuwa aurena ya mutu, na dawo gaban iyayena a Mayo, ina sayar da shayi a gindin wata dalbejiya kusa da ofisoshin gwamnati a Khartum. Firamare na yi, ban gama ba, amma ina karanta takardar magani. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kirana sai da Uwata.

Da ya fara rama, yana shan ruwa kamar raƙumi, yana dafe gefen damansa in zai tashi, ni na kai shi asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka ce mu dawo. Da muka dawo na bar shi a benci na shiga ni kaɗai. Likitan matashi ne, a gajiye yake, bai ɗago kai ba yana yi mini tambayoyi.

"Wane aiki ya yi?"

Na faɗa.

"A me kuke ajiye ruwan sha?"

Na faɗa. A nan ne ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ake yi wa akuyar da ta shigo masallaci.

"Cuta biyu ce," in ji shi. "Ciwon sukari, wanda ya daɗe yana cin sa ba ku sani ba. Sai ƙari a hanta, saratan." Abin da muke kira ciwon daji ke nan. "Dafin ya raunana hantar, sukarin ya samu hanya. Kada ki tambaye ni wanne ya fi laifi. A daina ba shi sukari. A rage gishiri da mai. A yi masa allurar nan kullum. A dawo da shi duk ranar da aka rubuta a kati. In kun kiyaye, za mu ja masa lokaci."

"Zai warke?"

"Na ce za mu ja masa lokaci, Hajiya. Ki turo na bayanki."

Lokacin nan da ya ce za a ja, shi na sa a gaba. Ban nemi wani abu da ya wuce shi ba.

Da barmil na fara. Na zubar da ruwan, na mirgina ta waje, na sayo randar ƙasa. Inna ta zauna a bakin ƙofa tana kuka kamar an yi mutuwa. Kafin la'asar maƙwabciyarmu mai 'ya'ya da yawa ta ja gangar zuwa gidanta. Na bi ta na gaya mata abin da likita ya ce. Ta ce, "Kun yar, na tsinta, yanzu kuma baƙin ciki ya taso?" Ta sa a cika ta da ruwa a gabana.

Sannan sukari. Washegari na miƙa wa Baba kofinsa. Ya kurɓa, ya tsaya.

"Uwata, kin manta da sukari."

"Ban manta ba, Baba."

"To wannan na wa kika dafa? Na fursuna?"

Na maimaita masa maganar likita. Sunan cuta ta biyu kaɗai na ɓoye, don Inna ta roƙe ni.

"Likitan nan ya taɓa tsayawa ƙarƙashin jirgi?"

"A'a."

"Ni na tsaya. Dafi na nan kwance a cikina, sukari ne ke danne shi. Kina zuba wa ma'aikatan gwamnati cokali uku-uku, ubanki kuwa ruwan ɗaci."

"Su ba su da abin da kake da shi."

"Abin da nake da shi, maganinsa kika hana ni."

Ya juye shayin a ƙasa, a hankali, yana kallona.

Na kwashe sukarin gidan na sa a akwatin sana'ata, ina fita da shi da safe ina dawowa da shi. Inna ta fara sayo ƙulli tana ɓoye masa a ƙarƙashin matashi. Tururuwa ce ta tona su. Da wannan hanya ta toshe, sai ya koma bin gidajen maƙwabta da hantsi, da sanda, yana zama har a fito da shayi. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya na ce kada a ba shi. Haka labari ya fita. A wurin masu ruwa, a layin burodi, a cikin motar Mayo, an san mai shayin da ta hana ubanta sukari. Wata tsohuwa ta tofar da yawu da na wuce.

Ƙishin ya ragu. Wani gyambo da ke yatsan ƙafarsa ya rufe. Yana barci ba tashi fitsari. Amma rama ba ta tsaya ba, domin abin da ke hantarsa ba ya jin allura. Mutane kuwa rama suke gani.

Gwaggo ta zo dubiya daga Omdurman. Ta ɗaga hannunsa ta saki, ta leƙa kwanon abincinsa, ta ga miya ba maiƙo. Ta tashi ta tafi. Ranar Juma'a sai ga Yaya da mota.

"Ina Dakatora?" Sunan da ya laƙaba mini ke nan tun daga tsakar gida, wato likita mace. "Fito, na zo sallamar maras lafiyarki."

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Riƙe sannunki. A masallacin Alsawra ake tare ni, wai yunwa na kashe ubana a Mayo, ni kuwa shagona buhunan sukari har rufi. Ni za ki kunyata?"

"Likita ne ya hana."

"Likita ya haife ki?"

Na kira shi gefe na gaya masa sunan cuta ta biyu. Ya ce likitoci duk wanda ya rame haka suke ce masa, don su sami na gwaji. Na ba shi katin asibiti da kwalaben allura, na nuna masa ranar komawa. Ya cusa su a aljihu tare da makullai. Aka ciccibi Baba zuwa mota, Inna na biye da ƙullin kaya. Da aka zaunar da shi bai dube ni ba. Ya ce wa Yaya, "Kai ni inda ake tsoron Allah."

A Alsawra aka shimfiɗa masa angarib, gadon igiya, a ɗakin baƙi. Dubiya a wajenmu tana da ƙa'ida. Mai zuwa ba ya zuwa hannu rabbana: ya riƙo ƙullin sukari, ko lemun kwalba, ko dabino, ko zalabiya, wani irin fanke mai naso da mai. Gida kuma ya fito masa da shayi. Maras lafiya, in dai yana iya zama, sai ya karɓi kofi ya sha tare da baƙo; in ya ƙi, ya wulaƙanta wanda ya tako saboda shi. A Mayo masu dubiyarmu kaɗan ne, talakawa. A Alsawra kuwa Yaya mutum ne mai jama'a: abokan kasuwa, mutanen masallaci, dangin matarsa, waɗanda suka yi zaman Saudiyya tare. Daga hantsi zuwa magariba tire ba ya sauka. Allurar kuwa matar Yaya ta ce hannunta ba ya iya huda surukinta, aka ajiye kwalaben a kan kabad.

Ranar Juma'a kaɗai nake samun zuwa, mota biyu, a haye gada. Zuwan farko na tarar da shi yana dariya, baki duk maiƙo. Na daɗe ban ga dariyarsa kamar ta ranar ba. Ya amsa gaisuwata da ka. A zuwan da suka biyo baya na ga ciki ya fara tasowa. Ƙafafu suka cika, har takalminsa ya daina shiga.

"Dubi tumbi, ma sha Allah," in ji matar Yaya. "Kin gani, Dakatora? Abinci kawai bawan Allah yake nema."

Gwaggo ta ɗan buga cikin da tafin hannu, ya yi ƙara kamar tulu. "Ɗan'uwana ya dawo. Haka babanmu yake, mai jiki."

Na durƙusa na danna ƙaurinsa da babban yatsa. Da na ɗaga, gurbin yatsan ya zauna, bai ciko ba.

"Gwaggo, dubi nan. Wannan ba nama ba ne, ruwa ne. Dubi wuyansa, dubi damatsansa, kamar kara. Dubi idonsa ya yi rawaya."

"Ɗauke hannunki. Kin zo kina latsa shi kamar mai sayen tumatir. Ƙiba daga ciki take farawa, sannan ta hau fuska. Ke da ba ki taɓa yin ta ba ina za ki sani?"

Matan da ke ɗakin suka yi dariya. Baba ma ya yi.

Ranar komawa asibiti ta zo. Na rufe sana'ata na tafi Alsawra da sassafe. Yaya na bakin ƙofa yana goge mota.

"Asibiti na marasa lafiya ne," in ji shi. "Jiya tela ya auna shi, sabuwar jallabiya za a ɗinka, tsofaffin sun matse shi. Wa ya taɓa jin mai saratan ya canza riga don ƙiba?"

"Yaya, ka bar ni in kai shi in dawo da shi. Ko kallonsa kawai su yi."

"Su gan shi su sake ɗora shi a kan ruwan ɗaci? Kin yi naki, mun gani. Bar mu mu yi namu."

Na shiga wurin Inna. Ta ce, "Yana ci, yana sha, yana dariya. Me kike so kuma?" Na ce lokaci nake so. Ta ce lokaci na Allah ne. Na koma gindin dalbejiyata.

Sai Yaya ya yanke shawarar yin karama, wato a yanka rago a tara jama'a don godiya ga Allah a kan samun lafiya. Aka kafa rumfa a titi. Aka aiko mini cewa ni zan dafa shayin taro, tunda ni ce gwana, amma matar Yaya ce za ta zuba sukari, kada baƙi su koma gida da ɗaci. Na je na dafa. Daga inda nake fifita gawayi ina hangen Baba a tsakiyar rumfa, cikin sabuwar farar jallabiya, an tallafe shi da matasai. Numfashi yake ja sama-sama, ciki ya tokare shi. Ana tura masa nama mai gishiri da yaji, yana tauna da dasashi. Kowa ya zo sai ya dubi cikin ya ce tubarkalla.

Yaya ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce ga mutumin da aka yanke wa ƙauna, Allah ya tashe shi da hannun ɗansa. Wani dattijo ya ce Baba ya sa wa 'ya'yansa albarka. Baba ya ɗaga hannu, aka yi tsit don muryarsa ba ta fita sosai.

"Biyu na haifa," in ji shi. "Ɗaya ya ciyar da ni. Ɗaya ta auna ni."

Ya sa wa Yaya albarka, shi da matarsa da 'ya'yansa da shagonsa. Ya sauke hannu. Aka shafa. Ni kuma ruwa ya tafasa, na zuba ganye.

Ba a daɗe ba bayan karama, wata safiya ina tsakiyar ciniki, ƙanen matar Yaya mai tasi ya tsaya a gabana ya ce in taho. Baba ya kasa kwanciya, ya kasa zama, yana magana ba kan gado, bai san inda yake ba. Babu wanda ya san inda katin asibiti ya shiga. Ni na san ƙofar da ake bi, shi ya sa aka tuna da ni.

Aka kwantar da shi, aka soka masa allura mai kauri a gefen ciki, aka haɗa da roba. Ruwa mai launin fitsari ya riƙa zuba a bokiti. Aka zubar, aka sake tarawa. A gaban idonmu tumbin da aka yanka wa rago ya sauka. Abin da ya rage a kan gadon ƙashi ne da fata, sabuwar jallabiya ta kwanta a kansa kamar an shanya ta.

Yaya ya tsaya baki buɗe. "Me suka yi masa?"

"Sun zuƙe shi," in ji Gwaggo. Ta juyo kaina. "Naman da muka sha wahala muka tara masa. Kin huta yanzu?"

Wani babban likita mai furfura ya shigo zagaye. Na tare shi a gaban Yaya, don ina so a faɗa a kunnensa.

"Likita, gaya masa abin da sukarin ya yi."

Ya duba takardun, ya dube mu mu biyu, ya gane irin gidan da muka fito.

"Sukarin da gishirin sun gaggauta abin, babu shakka. Da an kawo shi a kan lokaci, da an rage masa wahala. Amma hantar nan ta lalace tun kafin ku san ƙofar asibiti. Yanzu babu sauran hani. Ku ba shi duk abin da ransa ke so."

Ya wuce gado na gaba. A cikin maganarsa Yaya ya zaɓi jimla ta ƙarshe, ya bar sauran.

"Kin ji, Dakatora? Duk abin da ransa ke so. Babban likita ke nan, ba yaron da kika samo ba."

Da la'asar hankalin Baba ya ɗan dawo. Na matsa kusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Sannan ya nemi Yaya da ido.

"A fitar da ita. Ta zo ta ga ko an ba ni wani abu."

Na fita na zauna a baranda tare da dangin wasu marasa lafiya. Ina nan zaune har na ji muryar Gwaggo ta tashi daga ciki.

A Alsawra aka yi zaman makoki. Maza a rumfa, mata a tsakar gida. Ta saman katanga nake jin Yaya yana ba kowane ayarin masu ta'aziyya labari iri ɗaya: ya karɓo shi ƙashi, ya mai da shi mutum, har an yi karama, sai aka koma da shi asibiti aka zuƙe shi, alhali babban likita da bakinsa ya ce a ba shi abin da yake so. Kafin a tashi daga zaman, labarin ya haye katanga ya shigo wurin mata, ya yi ƙiba shi ma.

Wata baƙuwa daga cikin dangin abokan kasuwarsa ta zauna kusa da ni. Ba ta san ni ba. Ta gyara mayafi ta soma ba ni labarin daga farko, da murya yadda kowa zai ji: wai 'yar ce ta kulle abinci a akwati, ta bi gida-gida tana hana a ba uban ko kurɓin shayi, da ta ga ya murmure a gidan ɗan'uwanta kuma ta kasa haƙuri. Matan da suka san ni suka sunkuyar da kai, babu wadda ta taɓa ta. Da ta gama ta ɗaga tafukanta sama.

"Allah ya raba mu da haihuwar irin wannan."

Tsakar gidan ta amsa da amin. Inna na zaune a ƙarshen tabarma cikin fararen kayan takaba. Na san muryarta a cikin kowane taro, kuma na ji ta.